JABtalk a wayar Android: ta isa ta karɓi aikin katin hotuna ga yaron da ba ya magana?

JABtalk manhaja ce ta wayar Android da aka yi domin wanda ba ya magana da baki, ko wanda maganarsa ba ta fita yadda za a gane. Aikinta guda ne: hotuna su jeru a fuskar waya, yaro ya taɓa ɗaya, waya ta faɗi kalmar a fili. Kyauta ce, ba ta neman a buɗe asusu, kuma da zarar ta sauka ba ta sake neman intanet. A Damagaram, inda masu gyaran magana ba su wadata ba kuma Yamai ke da nisan kusan kilomita 900, irin wannan kayan aiki ya cancanci a duba shi da kyau. Hukuncinmu shi ne ta fi katin takarda a abubuwa biyu masu nauyi, wato saurin ƙara sabuwar kalma da kuma muryar Hausa ta cikin gida. Amma ba ta kai a zubar da takarda saboda ita ba, kuma gidan da bai ware wa yaro waya tasa ba gara ya tsaya kan katin.

Waɗanda ake yi wa wannan shiri galibi yara ne masu galahanga, abin da likitoci ke kira otizim, da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har gaɓoɓi suka sandare, ko saboda doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Akwai kuma manya da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana. Da yawansu suna jin abin da ake faɗa sarai. Hanyar mayar da amsa ce ta toshe, shi ya sa ake ganin kuka, da cizo, da buga kai a bango, a kuma ce yaro ya cika rigima alhali ƙishi yake ji ko kunne ke masa ciwo.

Abin da katin takarda ke yi, da inda yake gazawa

Sanannen tsarin katin shi ne PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka tsara a jihar Delaware ta Amurka a 1985. Matakai shida ne, kuma na farkon shi ne zuciyar abin: yaro ya ɗauki katin da ke da hoton abin da yake so, ya miƙa wa mutum, mutumin ya ba shi abin nan take. Wannan miƙawar tana koya wa yaro cewa magana ana yi wa wani ne. Babu wayar da ke koyar da wannan da kanta, kuma ya kamata a riƙe hakan kafin a ruɗu da sabon abu.

Matsalar katin a nan ta kuɗi ce da lokaci. Kati mai faɗin santimita 5 ake so, takardar A4 ɗaya na ɗaukar 15 zuwa 20. Dole a buga da kala, a kai wa masu fotokofi su rufe da leda a injin, a yanka a bar ɗan gefe don kada ruwa ya shiga, a kuma manna musu abin nan mai kamawa irin na takalmin yara. Idan aka yanka daidai bakin hoton, ledar na buɗewa cikin makonni, yawu da gumi su shiga, kalar ta dame. Katin da yaro ya fi so shi ke fara ɓata, domin shi ne kullum a hannu. Ƙanne na kwashewa su yi wasa, akuya na taunawa, gara na cin wanda aka ajiye a kwali. Abin da ya fi duka ciwo shi ne jinkiri: yau yaro ya nuna yana son alkaki, amma katin alkaki sai an tara hotuna sun cika shafi, an hau kabu-kabu an je an bugo. Kafin nan damar koyarwar ta wuce.

Sai hotunan kansu. Waɗanda ake saukowa daga intanet an zana su ne da idon wata ƙasa. Ruwa kofin gilashi ne a ƙarƙashin famfo, makewayi farar kujera ce, barci gado ne da bargo. Yaron da ya tashi a unguwar Birni ko Garin Malam ya san randa da moɗa, ya san buta da salga, ya san tabarma da gidan sauro. Babba zai iya haɗa zanen da abin da ake nufi. Yaron da ke fara koyon cewa hoto na wakiltar abu sau da yawa ba ya iyawa, sai a zaci basira ce ba shi da ita.

Inda manhajar ta yi fice

A JABtalk kowane maɓalli abu uku ne: suna, hoto, da sauti. Hoton ana iya ɗaukarsa da kyamarar wayar a take ko a jawo shi daga ma'ajiyar hotuna. Sautin ana iya naɗarsa da makirfo. Ke nan alkakin da yaro ya miƙa wa hannu yanzu zai iya zama maɓalli kafin ya gama cinye shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka fifita ta, kuma duk sauran abubuwan da ke cikinta suna bayan wannan.

Sai dai hoton da aka ɗauka da garaje ba ya aiki. A shimfiɗa farin yadi ko a jingina abin da bango mara zane, a ɗauki abu ɗaya tak, a cikin inuwa da hantsi, ba a tsakar rana ba, domin rana mai ƙarfi na wanke kala ta kuma jefa baƙar inuwa da ke canza siffar abu. A cika hoton da abin, a yanke shi ya zama murabba'i. A ɗauki kofin yaron da kansa, da takalminsa, da ƙofar gidansu. Fura da kunu da koko kusan kamanninsu ɗaya a hoto, saboda haka mazubi ne zai raba su: fura a ƙwarya da ludayi, kunu a kofin da aka saba ba shi, kuma kada a sauya mazubin a makonnin farko. Mutane a ɗauke su daga kafaɗa zuwa sama, mutum ɗaya a hoto ɗaya. A rage girman hoton a saitin kyamara kafin a fara. Hoto mai cikakken girma kan kai mega 3 ko 4, ɗari biyu sun haura mega 600, kuma ƙananan wayoyin Itel da Tecno masu ƙaramar ƙwaƙwalwa sai su riƙa jan ƙafa wajen buɗe shafi. Maɓalli ba ya buƙatar hoton da ya wuce ɗigo (pixel) 500 a kowane gefe.

Akwai kalmomin da ba su da hoto: ƙara, a'a, taimako, ya ƙare, ciwo. Nan ne zane ke da amfani. Taskar ARASAAC, ta gwamnatin yankin Aragon a ƙasar Sipaniya, tana da dubban zane-zane kyauta ga wanda ba sayarwa zai yi ba, kuma ana iya bincike a cikinta da Faransanci. A sauko da abin da ake buƙata sau ɗaya, a ajiye a waya. JABtalk ba ta zo da babbar taskar zane tata ba, wannan aikin mai shiryawa ne.

Batun murya ya fi na hoto bukatar natsuwa. Manhajar na iya sa na'ura ta karanta abin da aka rubuta, amma muryoyin da ke zuwa da yawancin wayoyin nan na Faransanci ne ko Ingilishi. Idan aka ba su Hausa sai su tauna ɓ da ɗ da ƙ, su baje karin sauti da tsawon wasali, har mutanen gida su kasa gane abin da wayar ta ce. A kashe wannan, a naɗi komai da baki. Muryar da ta dace ita ce ta yaro ko yarinya mai kusan shekarun mai amfani da wayar, namiji ga namiji, mace ga mace, wa ko ya ko ɗan maƙwabta. Kada a sa muryar Inna. Yaro ya saba muryarta umarni ce ko tambaya, idan ya taɓa ya ji ta ce "ruwa" sai ya ɗauka ita ke magana, ba shi ba. Haka kuma a naɗi maganar daga bakin yaron: "ina jin ƙishi", ba "kana jin ƙishi?" ba.

A yi naɗin a ɗaki, a kashe fanka, a kauce wa lokacin da injin niƙa ko janareto ke aiki. Waya ta kasance kamar taƙi ɗaya daga baki. A fara magana da zarar an danna, a tsayar da zarar an gama. Shirun daƙiƙa ɗaya ko biyu a farkon naɗi shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma illarsa babba ce: yaro ya taɓa, bai ji komai ba, ya sake taɓawa ko ya juya, sai alaƙar da ke tsakanin taɓawa da magana ta tsinke. A saurari kowane maɓalli daga nisan taku biyar kafin a wuce na gaba.

Manhajar tana da wurin haɗa jimla, inda kalmomin da aka taɓa ke jeruwa a sama sannan a karanta su a jere. An gina shi ne bisa tsarin Ingilishi, don haka sai an yi masa dabara. Maɓallin "so" shi kaɗai ba ya haɗuwa da komai a Hausa. A yi biyu: "ina son" domin abubuwa, ya ba da "ina son fura", da "ina so in" domin ayyuka, ya ba da "ina so in fita". A yi "ba na son" da "ba ni" da "ƙara mini" kowanne a matsayin maɓalli guda. Da waɗannan biyar da sunaye ashirin yaro na iya haɗa jimloli masu yawa da ba za su yi wa kunnen Bahaushe baƙo ba.

Yawan maɓallai da zamansu

Fuskar waya mai inci 6.5 kusan santimita 7 ce a faɗi da 15 a tsawo. Layi biyu a tsaye da uku a kwance na ba da maɓallai shida masu faɗin kusan santimita 3, kuma nan ne ya dace yawancin yara su fara. Wanda hannunsa ke rawa ya fara da huɗu ko biyu. Jarabar da ke kama iyaye ita ce su cika shafin farko da abinci. Abinci na da amfani domin shi ke jawo yaro, amma yaron da ba shi da komai sai sunayen abinci roƙo kawai aka koya masa. Shafin farko ya ƙunshi abu biyu da yake matuƙar so, sannan "ƙara", "a'a", "taimake ni", da "ciwo". "A'a" ita ce kalmar da aka fi mantawa, kuma ita ce ke rage cizo da kururuwa, domin yaron da zai iya ƙi da yatsa ba ya buƙatar ƙi da haƙori.

Rukunai su zo daga baya: abinci, mutane, wurare, wasa, jiki. Kada wata kalma ta wuce taɓawa biyu daga shafin farko. Rukunin jiki ya cancanci a ɓata masa lokaci, kai, ciki, kunne, haƙori, ƙafa, ƙirji, domin ranar da aka kai yaro asibiti shi ne zai sa ma'aikacin lafiya ya san inda zai duba maimakon ya yi ta lalube.

Ga babban aibin manhajar a wannan fanni: maɓallan jeruwa suke yi ɗaya bayan ɗaya, ba su da gurbi na dindindin kamar a allon takarda. Idan aka cusa sabuwar kalma a tsakiya, ko aka goge ɗaya, ko aka juya wayar a kwance, na bayanta na iya gusawa. Yaro kuwa da hannu yake haddace wuri, kamar yadda mai saƙar tabarma ba ya duban yatsunsa. Ranar da "a'a" ta bar kusurwar da ya sani, sai ya taɓa abin da bai nufa ba, ya fusata, ya jefar da wayar. Maganin shi ne a kashe juyawar fuska a saitin waya, a riƙa ƙara sabo a ƙarshen jeri kawai, kuma kada a goge komai daga shafin farko bayan yaro ya saba.

Koyarwa

Miƙa wa yaro waya a ce "taɓa" ba koyarwa ba ce. Babba ne zai fara magana da ita. Inna za ta zuba fura, ta taɓa "fura" tana faɗa da bakinta, ta ba shi kaɗan. Ya shanye, ta taɓa "ƙara", ta ƙara. Haka za a yi ta yi a wanka, a cin abinci, a fita, ba tare da an nemi ya yi komai ba. Bayan kwanaki sai a fara tsayawa: a riƙe furar a inda yake gani, wayar na gabansa, a yi shiru a ƙirga goma a zuci. Wannan shirun ne ya fi yi wa manya wuya. Idan bai taɓa ba, a nuna maɓallin da yatsa. Idan har yanzu bai taɓa ba, babba ya taɓa, ya ba shi, a wuce ba tare da faɗa ba. Kama hannunsa a danna da ƙarfi na koya masa jiran a kama hannunsa.

Duk abin da ya taɓa a makonnin farko a ɗauke shi magana ce. Ya taɓa "ruwa" alhali fura yake kallo, a ba shi ruwa, ta haka zai gane kowane hoto da abin da yake jawowa. Ya yi ta danna maɓalli ɗaya sau ashirin yana dariya, a bar shi, gwalantun jarirai ne a wani salo. Bayan ya ƙware da hoton jan kofinsa, a riƙa ba shi ruwa a moɗa da a leda ma idan ya taɓa shi, don kada ya ɗauka maɓallin na wannan kofi ne kaɗai. Kuma a tabbata bayan ya taɓa akwai mutumin da zai dube shi ya amsa. Wayar da ke magana a ɗakin da ba kowa abin wasa ce. Yaron da ko kaɗan bai fara neman mutane ba, ya fi kyau ya yi matakin farko na miƙa kati kafin a kawo waya.

Tambayar da kakanni suka fi yi ita ce ko wannan ba zai sa yaro ya yi kasala ya ƙi buɗe baki ba. Tsoron yana da ma'ana, amma bincike bai goyi bayansa ba. Nazarin da Millar da Light da Schlosser suka wallafa a 2006 ya tattara binciken da aka riga aka yi a kan mutanen da aka ba irin waɗannan kayan taimakon magana, bai sami wanda maganarsa ta ragu ba, mafi yawansu ma ta ɗan ƙaru. Ba alkawari ba ne cewa yaro zai yi magana. Abin da ake cewa shi ne ba a tauye masa komai ba.

Wayar kanta

Nan ne shirin ya fi mutuwa, ba a manhaja ba. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, ta maigida, kuma tana tafiya kasuwar Dole da safe ta dawo bayan magariba. Yaron da bakinsa ke barin gida awa goma sha biyu ba a ba shi baki ba. Ko tana gida, kira na shigowa a tsakiyar jimla, a fizge ta daga hannunsa. Tsohuwar waya ta hannu, ko da wurin layinta ya mutu, ta fi sabuwa ta aro. Abin da za a duba wajen saye huɗu ne: lasifika mai ƙarfi da ba ta karkarwa, fuskar da ke amsa taɓawa a kowace kusurwa, makirfo mai aiki, da batirin da bai kumbura ba. Kafin a biya kuɗi a sa manhajar a kanta a gwada naɗi da ɗaukar hoto. JABtalk tsohuwar manhaja ce, kuma Google Play kan ɓoye tsofaffin manhajoji ga wayoyi masu sabon Android, ke nan a wannan aikin sabuwar waya ba lallai ta fi tsohuwa ba. Menunta ma babu Hausa, sai an sami wanda zai zauna ya yi shirin farko.

A cire layi, a sa yanayin jirgin sama, a goge wasanni da bidiyo gaba ɗaya. Yaron da ya gano akwai zane mai motsi a wayar ba zai sake yarda da maɓallai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallon fuskar na'ura ya wuce awa ɗaya a yini. Magana da waya ba zaman kallo ba ne, amma da zarar an bar ƙofar bidiyo a buɗe ta koma shi. Manhajar na da yanayin cika fuska da ke hana fita cikin sauƙi, da kuma kariya a kan wurin gyara maɓallai, sai dai yara masu wayo na gano hanya. A ƙara da kullen da ke cikin Android tun sigar 5, wanda ke maƙale manhaja ɗaya a fuska. A wayar da ke Faransanci a rubuta "épingler" a binciken saiti, a kunna, a kuma zaɓi a nemi lambar sirri kafin a cire.

Zafi da wuta su ne na gaba. A watannin Afrilu da Mayu Damagaram na haura digiri 40, masu ƙera waya kuwa galibi 35 suke ba da shawara a matsayin iyaka. Wayar da aka bari a rana ko aka sa caji a ƙarƙashin matashi na dusashe fuska, ta yi nauyi, batiri ya kumbura. A yi caji da dare a kan siminti, a cire rigar. Tun wahalar wutar da ta biyo bayan takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023 gidaje da yawa sun mallaki ƙaramin faranti mai aiki da rana, kuma shi ya fi dacewa, domin kai wayar wurin masu caji na nufin yini guda yaro ba shi da baki. Ba tare da layi ba, batiri mai 5000 mAh na wuce yini da sauƙi. A tsakar gida da rana ba a ganin fuskar sosai, sai an koma inuwa. Ƙurar hunturu na toshe ramin lasifika, a riƙa sharewa da busasshen buroshin haƙori. Riga mai kauri, gilashin kariya, da igiyar ratayawa a kafaɗa ba ado ba ne. Ga yaro mai farfaɗiya ko mai yawan faɗuwa, a ɗaura igiyar a kujera ko a ƙugu, ba a wuya ba.

Ga yaron da hannunsa ke sandarewa, fuskar waya ta cika saurin amsawa: gefen hannu na gogar maɓallai uku kafin yatsa ya isa. A yanko kwali mai kauri ko robar tsohuwar jarka daidai fuskar, a huda tagogi daidai kowane maɓalli, a goge bakin don kada ya yanke shi, a ɗaure da roba. Hannu ya kwanta a kan kwalin, yatsa ya faɗa rami. A jingina wayar a tsaye kaɗan, a daidaita zaman yaron tukuna, ƙafa a ƙasa, baya a jingine, domin yaron da ke fama da riƙe kansa ba shi da sauran ƙarfin nuna hoto. Idan da hali, babbar waya mai inci 8 ko 10 ta fi masa.

Manhajar na iya adana duk shirin a fayil guda a kuma mayar da shi. A yi hakan duk lokacin da aka ƙara kalmomi, a kwafa a katin memori da kuma wata waya ta Bluetooth ko Xender. Masu gyara kan wanke waya gaba ɗaya ba tare da tambaya ba, manhajojin share shara ma kan kwashe abin da ba su gane ba. A tuna kuma fayil ɗin na ɗauke da hotunan matan gida da na yaron, ba abin turawa zauren WhatsApp ba ne.

A lakwal, da waɗanda ba ta dace da su ba

A aji mai cunkoso lasifikar waya ba ta kai wa gaban allo, sai yaron ya zauna layin farko ko a haɗa ƙaramar lasifika. Abin da ya fi amfani shi ne rukunin aji: "na gama", "ban gane ba", "ina so in zaga", sunayen abokan zama, da lambobi 1 zuwa 10 don ya amsa lissafi. Jerin ayyukan yini kuwa, tashi, wanka, karin kumallo, lakwal, makarantar allo, ya fi kyau a bango a takarda, domin amfaninsa shi ne a gan shi koyaushe ba tare da an buɗe komai ba. Tun da kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ba abin kunya ba ne malami ya karɓi amsa da Hausa daga wayar yaro, amma ana iya rubuta sunan maɓalli da Faransanci a bar sautin da Hausa idan ana son ya saba da rubutun aji.

Yaron da sanƙarau ya kurmantar, irin annobar da ta taɓa jihar Damagaram daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, maganar hannu ce harshensa, waya sai dai ta taimaka masa da baƙo a kanti. Duk yaron da bai yi magana ba a fara auna jinsa da ganinsa kafin a sayi komai. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye kuma kada a ba shi shafin yara da muryar yaro. A naɗa masa muryar babba, a sa gaisuwa, da sunayen iyalinsa, da alwala, da magani, da rediyo.

Akwai wasu manhajojin. LetMeTalk ta zo da dubban zanen ARASAAC a cikinta kuma tana aiki ba intanet, amma ta dogara da muryar na'ura, abin da ke kashe ta ga Hausa. Cboard, wadda ta sami tallafin UNICEF, tana naɗar murya, tana da tsarin gurabe mafi tsafta, kuma tana fitar da allo a PDF don bugawa, sai dai neman zane a cikinta na cin mega kuma ta fi nauyi a ƙaramar waya. Mai waya mai ƙarfi da rezo mai kyau ya gwada ta. Mai tsohuwar Itel a Mirya ko Matamai JABtalk ce tasa.

Ko wacce aka zaɓa, a ɗauki hoton fuskar shafin farko da na rukunin jiki da na abinci, a buga su da kala a takarda ɗaya gaba da baya, a rufe da leda, a yi kwafi uku: ɗaya wurin wanka inda waya ba ta zuwa, ɗaya a jakar lakwal, ɗaya a rataye kusa da shimfiɗarsa. Hotunan da jerinsu su zama daidai da na wayar, don yatsansa ya sami "a'a" a kusurwar da ya sani. Idan ya nuna a takarda, wanda ke kusa ya faɗi kalmar da baki a madadin wayar, sannan ya ba shi abin. Duk wata uku, ko duk lokacin da shafin farko ya ƙaru, a sake bugawa.